Me Ya Haɗa Kifi Da Kaska? Bayani A Kan Ruwan Chadi Da Shanunmu



A zaman ƙungiya da ya wuce an daɗe ana ja-in-ja a kan kuɗin da wasu masu kora suka biya masunta a fadamar Logon, saboda shanu sun tattake musu magudanar kifi. Wani dattijo daga cikinmu, wanda nake ganin girmansa, ya ce shi bai ga dalilin ɓata lokaci a kan maganar su ba, me ya haɗa kifi da kaska? Aka yi dariya aka tashi. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin fiye da shekara 30 ke nan ina bin hanyar Masakori zuwa Njamena zuwa Kusiri har Gamboru, kuma abin da idona ya gani shi ne duk shekarar da banda ta yi araha a kasuwa, shanun tafki sukan fito da tozo. Na zauna da likitocin dabbobi da ma'aikatan kula da kifi, ɗana kuma da ya yi lakkwal ya karanta mini wasu rubuce-rubucen masana. Abin da na fahimta shi zan kawo a nan.

Da farko mu san daga ina ruwan yake zuwa. Da yawanmu suna zaton ruwan saman da ke sauka a Kanem ko Borno shi ke cika tafki. Ba haka ba ne. Idan aka kasa ruwan da koguna ke zubawa a Tafkin Chadi kashi 10, wajen kashi 9 na kogin Shari ne da ƙanensa Logon, waɗanda ke haɗuwa tsakanin Kusiri da Njamena. Su kuwa can kudu suke ɗebo shi, daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa da kudancin Chadi. Kumadugu da ke biyowa ta Difa ta faɗa wajen Boso, duk da amfaninta ga mutanen can, abin da take kawowa bai taka kara ya karya ba in an gwada da Shari. Saboda nisan tafiya, ruwan ba ya isowa da damina. Shari yakan kai maƙurar cikarsa a Njamena wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, tafkin kansa kuma sai cikin sanyi, Disamba zuwa Janairu. Ka ga ke nan lokacin da ciyawar tudu ke bushewa tafki ke cika, lokacin da bazara ta matse kuma yana janyewa sannu a hankali yana barin ɗanyar ciyawa a baya. Da wannan saɓanin ne makiyaya suke ciyar da shanun da muke saye.

Tafkin ba shi da zurfi. Ko a shekarun 1960 da yake cike, kwarin kudu mita 2 zuwa 4 ne, na arewa kuma bai wuce mita 8 ba. Rana da iska suna shanye wajen mita 2 na ruwansa kowace shekara. Faranti ne mai faɗi, in Shari ya yi rowa shekara biyu a jere sai ka ga gaɓa ta gudu. Wani abin mamaki, ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, amma ruwansa bai zama na gishiri ba, dabba na sha, mutum na sha. Masana sun ce wani ɓangare na ruwan yana tsiyaya ta ƙarƙashin rairayi ya tafi da gishirin, ya ɓulla a kwaruruwan Kanem, rana ta ƙafar da shi. Kanwar da muke saya muna jiƙa wa shanu daga wajen Liwa da Baga Sola, asalinta ke nan.

To, me kifi yake ci? Masanan Faransa na hukumar ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, sun zauna a Njamena tun shekarun 1960 suna auna ruwa, suna farke cikin kifi iri-iri suna duba abin da ya haɗiya, har aka tara sakamakon a babban littafi a 1983. Sun tarar da kifi fiye da iri 100, kuma kowanne da akushinsa. Tushen abincin duka shi ne wata gansakuka mai ƙanƙanta wadda ido ba ya rarrabe ta, ita ce ke sa ruwa ya yi kore. Tsiro ce kamar kowace ciyawa, da hasken rana da taki take rayuwa. A kanta wasu ƙananan ƙwarin ruwa suke kiwo, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. Waɗannan ƙwarin su ne abincin shemani, wanda mutanen Chadi ke shanyawa suna kira salanga, da wani irin kurungu, da kusan kowane ɗan kifi a farkon rayuwarsa. Su kuma tsage da giwan ruwa, ƙananan kifayen nan suke farauta. Akwai kuma layi na biyu a ƙasan ruwa: ruɓaɓɓiyar ciyawa da ganye suna nutsewa cikin taɓo, tsutsotsi da katantanwa su ci, tarwaɗa da gaiwa da sauran masu tonon laka su cinye su. Karfasa ita gansakuka da dattin ƙasa take kiwo kai tsaye, kusan a ce ita ce saniyar ruwa.

Akwai wani lissafi a nan wanda mai turke zai gane nan take. Kowa ya san buhunan dusa da ƙuli da harawa nawa sa yake cinyewa kafin ya ƙara nama, kuma mafi yawan abin da ya ci kashi ne da fitsari da ƙarfin yawo. Haka yake a ruwa. Masana sun kimanta cewa daga kowane mataki zuwa na samansa, wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai ke zama tsoka. Kilo ɗaya na giwan ruwa ya ci wajen kilo 10 na ƙananan kifi, su kuma sun ci wajen kilo 100 na ƙwari, ƙwarin sun ci wajen kilo 1,000 na gansakuka. Shi ya sa manyan kifaye ba su da yawa, kuma su ne ke fara ɓacewa in ruwa ya sami matsala.

Yanzu ga inda saniya ta shigo. Yawancin kifin tafki ba a tsakiyar tafki ake renonsa ba. Shemani, alal misali, yakan haura Shari da Logon da damina ya yi ƙwai wajen Agusta da Satumba. A daidai wannan lokacin Logon yake tumbatsa ya malale babbar fadamar nan da ke yammacinsa a arewacin Kamaru, wadda Fulani ke kira yayre, mai faɗin wajen murabba'in kilomita 8,000 a shekarar ruwa mai kyau. 'Yan kifin sai su bi ruwa su shiga cikin ciyawa. Ruwan bai fi gwiwa ko ƙugu ba, ga ɗumi, ga maɓoya daga tsage. Abinci kuma a shirye yake, domin duk tsawon rani dubban garkuna sun yi kiwo a wannan filin sun bar kashinsu, ga tokar ciyawar da aka ƙona. Da ruwa ya taɓa wannan takin sai gansakuka ta tashi, ƙwari su biyo, 'yan kifi su yi ta ci. Wanda ya taɓa ganin masu kiwon kifi suna zuba kashin shanu ko na kaji a kududdufi don ruwan ya yi kore, to aikin ɗaya ne, sai dai wannan babu wanda ya ɗauki kwando.

In ruwa ya fara janyewa, wajen Nuwamba zuwa Janairu, 'yan kifin da suka yi ƙwari sukan bi magudanu su koma Logon, wasu kuma su bi kogin Ebeji, wanda Larabawa ke kira El Beid, su gangara tafki. Ebejin nan ba baƙonmu ba ne, shi ne wanda muke hayewa a gadar Fotokol zuwa Gamboru. Masanan can sun shafe shekaru suna ƙirga ƙananan kifin da ke wucewa ta cikinsa, suka ga yawansu yana bin girman ambaliyar Logon ta wannan shekarar, in ta yi faɗi ta daɗe kifi ya yi yawa, in ta gaza ya yi kaɗan. Ambaliyar nan kuma ita ce ke shayar da burgu da shinkafar daji da jema, ciyawa masu saiwa da ke sake tohowa da rani bayan an ƙona ko an cinye. Ruwa ɗaya, kifi ya ci rabonsa yana ciki, saniya ta ci nata bayan ya tafi, ta bar wa kifin baɗi taki.

An taɓa ganin abin da ke faruwa in wannan zagayen ya tsinke, har sau biyu. Na farko fari ne. A 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1972 zuwa 1973 ya zo, wani tudu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, daga wajen Baga zuwa wajen Baga Sola, ya fito fili ya raba tafkin biyu, ciyawa ta toho a kansa ta tare wa ruwan Shari hanyar arewa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin yadda kifi ya yi arahar da ba a taɓa gani ba a 1974, kowa na murna. Ashe kifin ne ya matsu a ɗan ruwan da ya rage ana kwasa. Wanda ba a kama ba ya mutu tuli-tuli, domin iska tana dama taɓo ya toshe musu hanyar numfashi, ruɓaɓɓiyar ciyawa kuma ta shanye iskar da ke cikin ruwa. A 1975 kwarin arewa ya bushe. Ni kaina a 1984 ina saurayi ina bin mahaifina, na ga kwale-kwale a kife kan rairayi a Gigimi, babu ruwa iyakar ganin ido. A tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Waɗanda suka rasa shanu a wannan shekarar ba sa bukatar in tuna musu.

Tun daga nan irin kifin ma ya canja. Shemani da tsage da giwan ruwa, masu son buɗaɗɗen ruwa mai iska, suka ja baya. Tarwaɗa da gaiwa, waɗanda Allah ya ba su ikon shaƙar iskar sama, da karfasa mai haƙuri da gurɓataccen ruwa, suka mamaye. Gaiwa har binne kanta take yi cikin laka ta jira ruwan baɗi. Duk wanda ya buɗe kwalin banda yau zai ga tarwaɗa ta fi yawa, dalilin ke nan.

Na biyu aikin hannun mutum ne. A 1979 aka gina baraj na Maga don noman shinkafa na SEMRY, aka kuma yi datsi a gefen Logon. Ruwan da ke malala cikin yayre ya ragu, ga fari a kai. Fili mai yawa ya daina samun ambaliya, ciyawa masu saiwa suka mutu, irin dawar daji mai bushewa da wuri ta maye gurbinsu. Masunta suka watse, makiyaya suka canja mashekari, namun dajin Waza ma suka ragu. A 1994, cikin wani shiri da gwamnatin Kamaru ta yi da ƙungiyar IUCN, aka buɗe wata magudana da datsin ya toshe, ruwa ya sake shiga wajen murabba'in kilomita 200, aka ƙara buɗe wata a 1997. Cikin 'yan shekaru ciyawar rani ta fara dawowa, kifi ya dawo, garkuna suka dawo. Mutanen Hadeja da Nguru da Gashuwa suna da irin wannan labarin game da madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992, su kuma har da kacalla da ta toshe musu magudanu. Ban ce noman shinkafa laifi ba ne, dukanmu muna ci. Amma duk sanda kuka ji ana maganar sabon baraj a kan Logon ko Shari ko Kumadugu, ku sani maganar kiwon rani ake yi, ko da ba a ambaci saniya ba, kuma ya kamata ƙungiya ta nemi kujera a wurin.

Bari in ɗan kauce. Har yau a rediyo ana maimaita cewa tafki ya ƙafe saura kashi ɗaya cikin goma. Wannan hoton shekarun 1980 ne. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna daga shekarun 1990 zuwa yau ruwan bai ci gaba da raguwa ba, sai dai da yawansa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyawa, kuma a 2022 da 2024 ambaliya ce ta ci gidaje a Njamena da Kusiri. Ƙaramin tafki mai fadamu ma ya fi ba saniya ciyawa a kan babban tafki mai zurfi. Abin da ya hana mu cin moriyarsa a shekarun nan tsaro ne. Kowa ya tuna 2015 da aka kwashe mutanen tsibirai aka hana cinikin kifi a Difa, da 2016 da aka rufe wasu kasuwannin shanu a Borno har da ta Gamboru. A nan ma tare aka rufe mu da masu kifin.

Amfanin wannan sani ga falke shi ne ya iya karanta shekara tun kafin ta zo. Ni in Oktoba ta yi nakan tsaya a gadar Ngeli in dubi inda Logon ya kai. In na hayo Ebeji a Disamba na ga yana gudu, masunta na cika kwanduna da ƙananan kifi, na san yayre ta sha ruwa, makiyaya ba za su matsu su sayar ba, shanu za su yi tsada amma za su fito da nama har bazara. In kuwa na tarar da shi ya yanke da wuri, na san tun Fabrairu za a fara turo ramammu kasuwar Bogo da Masaget, sai in tanadi ƙuli da dusa tun suna da sauƙi. Wannan hasashe ne kawai, farashin naira da sefa da halin hanya da na duwan duk suna iya rushe shi. Amma ya fi zama jiran jita-jita.

Sai dai ruwan da ke ba da ƙiba yana ba da cuta, kuma ita ma ta cikin wannan zagayen take bi. Tsutsar hanta tana zuba ƙwai a cikin saniya ya fito cikin kashi. In kashin ya faɗa ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin wata 'yar katantanwa ya hayayyafa, sannan ya fito ya manne a ganyen burgu yana jira. Saniya ta ci ciyawar, ya ratsa hanji ya isa hanta, cikin wata 3 zuwa 4 ya zama babbar tsutsa mai kama da ganye. Wannan jinkirin shi ke cin falke. Na taɓa sayen bijimai farare na Kuri, irin na Buduma masu manyan ƙahoni da ke iyo tsakanin tsibirai, suna sheƙi, na turke su don babbar salla. Wata uku ina zuba abinci suna ramewa, wasu maƙogwaro ya kumbura da ruwa. Da aka yanka na farko likitan kwata ya zubar da hantar gaba ɗaya, mahaucin ya zo ya zabtare mini kuɗi. Tun daga ranar duk dabbar da ta fito daga tafki ko yayre sai na kai ta ga likitan dabbobi kafin ta ci dusata. Ku lura, ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta hanta ba, kuma wasu manyan kawai suke kashewa su bar ƙananan, don haka a tambayi likita wanne da yaushe za a maimaita. Yaranmu masu kora kuma da ke shiga ruwa har ƙirji, wata katantanwar daban tana ba su tsargiya. Yaron da ya ce yana fitsarin jini a kai shi asibiti, maganin ba shi da tsada, kada a ce masa zafin rana ne.

To ga amsar tambayar dattijonmu kai tsaye. Maganin kaska da muke damawa muna wanke shanu, musamman irin su saifametirin, guba ne mai ƙarfi ga kifi da ƙwarin ruwa, ɗan kaɗan ya isa ya kashe na kududdufi guda. Sau nawa muka ga yaro ya wanke garke a bakin mashaya, ya ɗauraye bokiti da galan a cikin ruwan? Allurar ibamektin ita ma tana fitowa cikin kashi kwanaki bayan an yi ta, tana kashe buzuzu da ƙwarin da kifi ke ci. Muna zagin masuncin da ke zuba Gamalin a ruwa, kuma ya cancanci zagi, domin shanunmu ke shan ruwan, amma mu ma muna da namu kason. A ja da baya nesa da gaɓa in za a yi wanka, a haƙa rami a zuba ragowar, a bari jikin dabba ya bushe kafin ta haye ruwa.

Game da magudanun kifi da suka jawo maganar, gaskiya sun yi yawa. Musgum da Kotoko da sauran masu su suna haƙa su daga cikin fadama zuwa bakin kogi, su ɗaura raga a ƙarshe su tare kifin da ke komawa. Da kaɗan ne, yanzu a wasu wuraren ba ka tafiya mai nisa ba ka ci karo da wata ba, har sun yanke burtali. Akwai masana da ke ganin suna saurin tsiyaye fadama, kuma raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'yan kifin da ya kamata su isa tafki, wannan kuwa cuta ce ga masuntan kansu. Amma mutumin da ya kwashe rani yana haƙa da hannu, garke ya rushe masa baki a makon da kifi ke sauka, ya yi asarar shekara guda, kamar yadda kai za ka yi in kamiyo ya kife da kayanka. In ya ɗaga murya, ba rashin kunya ba ce.

Shawarata ga shugabanni ita ce kafin ruwan bana ya fara janyewa a tura mutum uku, da ɗaya daga cikin tsofaffin masu kora da ya san hanyar, su zauna da sarakunan ruwa da lawanai da ardo-ardo na gefen Logon. A ware mahayai sanannu a kan kowace babbar magudana, a kafa musu itace, a yanka abin da za a biya in garke ya kauce ya yi ɓarna, a rubuta da Faransanci da ajami kowane jagoran kora ya riƙe kwafi. Kuɗin motar masu tafiyar ni na ɗauki rabi.